Gidan Gado Ya Yi Kwantai: Me Ke Hana Shi Sayuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar mana gida a wata unguwa ta bayan gari a Kano, mai ɗakuna huɗu da falo da shaguna biyu a waje. Mu tara ne magada har da mahaifiyarmu, kuma biyu daga cikin ƙannena ba su balaga ba. Da yake gidan ba zai rabu ba, sai muka yanke shawarar a sayar a raba kuɗin. Mun sa shi a kasuwa a kan naira miliyan 38, mun ba dillalai shida, yau wata goma sha ɗaya ke nan. A wata na biyu an taya miliyan 29 muka ce albarka, kuma tun daga lokacin babu wanda ya sake kai wannan. Filin awon igiya ne, wato ba gwamnati ce ta yanka shi ba, takardar da ke hannunmu ta ciniki ce mai hatimin mai unguwa, da sunan marigayi. Babban wanmu yana Legas, sai ta waya muke magana da shi. Mahaifiyarmu da yara suna cikin gidan har yanzu. Me za mu yi gidan nan ya sayu?

Daga wani mai karatu a Kano

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya albarkaci abin da ya bari. Malam, wasiƙarka ta ƙunshi kusan duk abin da ke sa gida ya daɗe a kasuwa, kuma abin da zai kwantar maka da hankali shi ne mafi yawan matsalolin a hannunku maganinsu yake. Sanyin kasuwa ne kaɗai ba ku da iko a kansa, don haka bari mu fara da shi mu wuce.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin da ya biyo baya, kuɗin da magidanci ke iya ajiyewa ya ragu ƙwarai. Hauhawar farashin kaya ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga kuɗin ruwa har ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, buhun siminti kuma da ake saye ƙasa da naira dubu biyar ya koma wajen dubu goma. Wannan ya haifar da saɓani tsakanin mai gida da mai saye. Mai gida yana lissafin abin da zai kashe idan yau zai gina irin gidansa, sai ya ga kuɗin ya ninka, ya ɗaga farashi. Mai saye kuwa aljihunsa yake dubawa, wanda bai ninka ba. A irin wannan yanayi masu kuɗi a hannu kaɗan ne, gidajen da ake kai musu talla suna da yawa, saboda haka duk gidan da suka hango wata 'yar ƙura a tare da shi sai su wuce zuwa na gaba ba tare da sun gaya wa kowa dalili ba. A ganina wannan ne ya sami gidanku, kuma ƙurar ta fi yawa a wajen takardu.

Ka sa kanka a matsayin mutumin da ya shekara goma yana tara kuɗi, aka kai shi gidan da takardarsa ke ɗauke da sunan mamaci, magada tara, biyu ƙananan yara, ɗaya kuma ba ya gari. Abin da zai fara faɗo masa shi ne ranar da wani daga cikinku zai kai ƙara kotu ya ce ba da yawunsa aka sayar ba. Kotunanmu cike suke da irin waɗannan shari'o'i, kuma kowane ɗan kasuwa ya san wani da kuɗinsa ya maƙale a cikin rigimar gado. Saboda haka aikinku na farko, kafin fenti, kafin ragi, shi ne ku je kotun shari'ar Musulunci da ke yankinku a tabbatar da mutuwar mahaifinku, a ƙididdige magada, a rubuta cewa an amince a sayar da gidan a raba kuɗin bisa ƙa'idar gado. Maganar marayun nan biyu tana da nauyi na musamman, domin dukiyar maraya amana ce da ba a sayar da ita da ka, kuma abin da ya fi aminci gare ku da mai saye shi ne alƙali ya san da cinikin, ya yarda da shi, ya kuma san hannun da rabonsu zai shiga. Shi kuwa wanku na Legas, ko dai ya zo ya sa hannu da kansa, ko ya aiko da takardar wakilci wadda lauya ya tsara. Amincewar da aka yi ta waya ba ta da wani amfani ranar da rai ya ɓaci. Daga nan ku zaɓi mutum ɗaya a cikinku wanda zai riƙa magana da yawun kowa, ku gaya masa mafi ƙarancin kuɗin da zai iya sallamawa, domin ciniki da yawa sun watse a daidai lokacin da aka ce wa mai saye ya jira a tuntuɓi wane da wance.

Akwai kuma wani abu da magada kan manta da shi. A mazhabar Malikiyya, abokin tarayya a cikin gida ko filin da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato idan ɗayansu ya sayar da kasonsa ga bare, yana iya karɓe kason a kan kuɗin da aka saya. Hikimar da ke cikin wannan hukunci ta isa ta sa ku fara tambayar junanku ko akwai wanda zai iya sayen gidan ya biya sauran, ko da a cire rabonsa ne ya ciko abin da ya rage. Idan hakan ta yiwu, kun huta da la'ada, mahaifiyarku kuma wataƙila ba za ta bar ɗakinta ba. Idan ba ta yiwu ba, kowa ya rubuta cewa an yi masa tayi ya ce ba ya buƙata.

Sai maganar awon igiya. Ba laifi ba ne gida ya kasance a awon igiya, kuma unguwanni masu yawa a Kano haka aka yanka su, sai dai ya kamata ku san abin da hakan ke rage muku. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha amana a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani, wanda galibi ake rubuta masa shekara 99 a satifiket, kuma dokar ta wajabta neman amincewar gwamna kafin a miƙa wannan haƙƙi ga wani a cikin birane. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a 1989 a shari'ar Savannah Bank da Ajilo. Abin da wannan ke nufi gare ku shi ne duk mai sayen da zai bi ta banki ya fita daga lissafinku muddin babu takarda mai rajista. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa zuwa asusun gidaje na ƙasa, wanda zai iya neman rance a Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, da wanda zai bi ta bankin da ba ya hulɗa da ruwa irin su Jaiz, da wanda zai yi amfani da damar da hukumar fansho ta bayar tun 2022 ta ɗaukar har kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa ya zuba a sayen gida, dukkansu za a nemi su kawo takardar da banki zai iya riƙewa jingina, hatimin mai unguwa kuwa ba ya wadatarwa a wurin. Ba na ce ku dakatar da talla sai satifiket ya fito ba, domin yana iya ɗaukar lokaci. Shawarata ita ce ku je hukumar rajistar filaye ta Kano, wato KANGIS, ku tambayi matsayin filin da matakan yi masa rajista, ku kuma leƙa hukumar tsara birane ta KNUPDA ku tabbatar gidan bai hau hanya ko magudanar ruwa ko filin makaranta ba. Mai sayen da aka nuna wa fayil da aka buɗe da rasiɗin biyan kuɗi yakan saki jiki fiye da wanda aka ce wa kada ya damu, duk unguwar haka take. Ku riƙa bayar da kwafi kawai ga masu son yin bincike, takardun asali kuma su zauna a hannun mutum ɗaya har ranar da kuɗi ya shiga.

Yanzu mu zo kan farashi, inda na san maganata ba za ta yi muku daɗi ba. Gidan da ya yi wata goma sha ɗaya a hannun dillalai shida, kuma mafi girman tayin da ya samu miliyan 29 ne, kasuwa ta riga ta faɗa muku abin da take gani. Wataƙila idan an gyara takardu tayin zai ɗaga, amma da wuya ya tashi daga 29 ya dire a 38. Ina zaton kun samo wannan adadi ne daga abin da maƙwabta ke cewa ana neman gidajensu, alhali kuɗin da ake nema daban, kuɗin da aka sallama daban. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: ku nemi sanin gidaje uku ko huɗu masu kama da naku da aka sayar a unguwar cikin shekarar nan, da abin da aka biya a zahiri. Mai unguwa yakan sani, domin a gabansa ake yawan sa hannu, haka ma tsofaffin dillalan yankin. Idan kuna da hali, ku ɗauki ƙwararren mai ƙiyasta darajar gidaje wanda ke da rajista ya rubuta muku rahoto, wanda zai yi amfani a gaban alƙali saboda marayu, ya kuma kashe bakin duk magajin da zai ce an karyar da gidan ubansa.

Ku yi wannan lissafi tare. Idan a misali farashin kaya ya tashi da kashi 20 cikin ɗari a shekara guda, miliyan 30 ta yau sai an ba ku miliyan 36 baɗi kafin ta saya muku abin da za ta saya yanzu. Gaskiya ne ƙasa tana ƙara daraja, kuma da fili ne babu gini, babu kuma mai buƙatar kuɗin, da na ce ku yi haƙuri ku jira. Amma naku gini ne da kowace damina ke ci, kuma a cikin magada tara babu shakka akwai mai jiran jari, da mai kuɗin makaranta, da mai shirin aure. Idan za ku rage, ku rage sau ɗaya ragi mai ma'ana wanda zai sa masu saye su waiwayo. Zaftare dubu ɗari biyar duk wata yana koya wa mai saye ne ya ci gaba da jira, tunda ya ga kuna saukowa da kanku. Ku bar ɗan gurbin ciniki, domin mutanenmu ba sa jin sun sayi abu sai sun taya an rage musu, amma gurbin kada ya kai miliyan tara. Ban ga aibu ba kuma idan kuka sa a nemo wanda ya taya miliyan 29 ɗin nan, a gaya masa takardu sun kammala, a ji ko yana nan a kan bakansa.

Dillalai shida sun yi yawa. Mutane suna ɗauka yawan dillalai shi ne yawan masu saye, amma abin da ke faruwa shi ne kowanne yana ba wani, wani ya ba wani, kowa kuma ya ɗora nasa a kai. Na taɓa raka wani ɗan'uwana duba gida, aka gaya masa kuɗi da safe, da yamma wani dillalin ya kai shi gidan nan dai ta wani lungu ya faɗi kuɗin da ya haura na farko da miliyan huɗu. Ko da muka fito bai ce komai ba sai a mota, inda ya ce gidan da ke da farashi biyu yana iya zama mai masu shi biyu, kuma bai sake komawa ba. Ina kyautata zaton gidanku yanzu yana yawo a wayoyin mutane da farashi uku ko huɗu. Ku janye shi daga hannun kowa, ku zaɓi dillali ɗaya ko biyu waɗanda ke da mazauni sananne, suka kuma taɓa sayar da gida a unguwar, ku rubuta yarjejeniya ta wata uku da ta fayyace farashi ɗaya da la'adar da za a biya da wanda zai biya ta. A wurare da yawa kashi biyar cikin ɗari ake magana a kai, amma abu ne na daidaitawa, kuma gara a gama shi tun farko da a zo ranar biya mutum takwas su bayyana kowa yana cewa shi ya kawo mai saye. Ku ja kunnen dillalinku kada ya kawo masu tayin ƙarya don a zuga mai saye na gaskiya, domin wannan shi ne najashi da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Kada kuma ku raina na kusa: masu hayar shagunanku da maƙwabcin da ke son faɗaɗa gidansa sun san unguwar, ba sa buƙatar a lallashe su a kanta.

Game da gyara, kada ku ci bashi ku sa tayil ko ku canza fasalin gida, domin da wuya kuɗin ya dawo, kuma mai saye yakan zo da nasa tsarin. Abin da ido da hanci ke fara kamawa shi za ku bi: a toshe yoyon rufi a canza silin da ya yi tabo, a yashe kwata, a kwashe shadda idan ta cika, a shafa fenti mai haske a zaure da falo da fuskar gida, a kwashe tarkacen da ke tsakar gida, a biya bashin wuta a ajiye rasiɗi. Idan akwai aibin da ba za ku iya gyarawa ba, kamar bangon da ke jiƙa ko lungun da ruwa ke kwanciya da damina, ku faɗa da bakinku. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa mai saye da mai sayarwa idan suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa albarka a cinikinsu, idan kuwa suka ɓoye suka yi ƙarya za a shafe albarkar, kuma a shari'a mai saye yana da damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Tunda iyali suna ciki, ku tsayar da ranaku biyu a mako da sa'o'in da za a riƙa zuwa dubawa, mahaifiyarku ta san da su ta kimtsa, kada a bar baƙo tsaye a rana a ƙofar gida sannan a ce ya dawo gobe. Kada a shigar da kowa sai tare da dillalinku da namiji ɗaya daga cikinku. Ku kuma yanke tun yanzu inda mahaifiyarku da yara za su koma da ranar da za ku iya miƙa makulli, domin tambaya ce da kowane mai saye zai yi, kuma ita ce ta fi cancanta a fara yi wa tanadi daga kuɗin.

TAMBAYA: Malam, ina da gida a Kaduna mai satifiket da sunana. Bayan dogon jira na sami mai saye, amma ya ce zai ba da rabin kuɗin yanzu ya tare, ya cika sauran cikin wata shida. Wani kuma ya ce zai ba ni mota da cikon kuɗi. Wanne zan karɓa?

Daga wata mai karatu a Kaduna

AMSA: Hajiya, idan kasuwa ta yi sanyi irin waɗannan tayi su suka fi yawa, kuma sauƙaƙa biya yana cikin abubuwan da ke sa gida ya sayu da wuri, saboda haka ba zan ce ki yi watsi da su ba. Biya kashi-kashi halal ne idan an san jimillar kuɗi da ranakun biya, kuma aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarci a rubuta bashi a kafa shaidu. Haɗarin yana wurin tarewa. Wanda ya shiga gida da iyalinsa bayan ya biya rabi, fitar da shi idan ya gaza cikawa sai an sha zaman kotu, ke kuma ba gida ba cikon kuɗi. Ki sa lauya ya rubuta yarjejeniyar da ta faɗi ranar kowane biya, da abin da zai faru idan ya saɓa, da yadda za a mayar masa da kuɗinsa idan ciniki ya warware. Satifiket ya zauna a hannunki ko a hannun lauyan da kuka yarda da shi ku biyu, kada ki sa hannu a takardar miƙa mallaka, kada kuma a fara neman canjin suna a hukumar rajistar filaye ta Kaduna, wato KADGIS, sai kobo na ƙarshe ya shiga. Abin da na fi so miki shi ne makulli ma ya jira cikon kuɗi, ko aƙalla sai ya biya kaso mafi tsoka. Ya halatta ki sa farashin biya a hankali ya ɗara na kuɗi hannu, da sharaɗin a tsayar da adadi ɗaya tun ranar ƙulla ciniki, ba a riƙa ƙara masa ba saboda jinkiri.

Ita kuwa mota, darajarta raguwa take kullum, kuma mai ba da ita yakan kimanta ta sama da abin da za ta yi a kasuwa. Idan ba hawa za ki yi ba, ki sa makanikin da kika amince da shi ya duba ta, a bincika takardun kwastan da na mallaka, a kai ta wurin masu sayar da motoci biyu ko uku su faɗi abin da za su biya yau, wannan adadin shi za ki lissafa a cikin kuɗin gida. Idan mai motar bai yarda da haka ba, ya sayar da abarsa ya kawo miki kuɗi. Ko da wa kika daidaita, a biya ta banki zuwa asusun da ke da sunanki, domin dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan biyar ba ta hanyar banki ba. Kada ki dogara da saƙon waya ko hoton rasiɗi, ki tabbatar daga bankinki cewa kuɗin ya zauna a asusu kafin ki sa hannu a kan kowace takarda.